YADDA HAYAR GIDA A ABUJA TA KUSA RABA NI DA ABBAN UMMI

  A wannan fitowar na ɗan jingine labarin soyayya a gefe don in ba ku labarin abin da ya faru da ni kaina. Dalili kuwa, kwanakin baya wata ƙawata da muka yi sakandare tare ta bugo min waya tana ta murna wai an mayar da mijinta Abuja, in taya ta farin ciki. Na taya ta ƙwarai, amma da muka gama sai na ce mata, "Ƙawata, nemi wuri ki zauna, akwai magana." Abin da na gaya mata ran nan shi ne zan gaya muku yau.

Ranar da Abban Ummi ya shigo da takardar canjin wurin aiki, cikin watan Fabrairun 2023, lokacin nan da ake wahalar takardar kuɗi saboda canjin naira, ina tsakar gida ina tankaɗen garin tuwo. Ya tsaya a kaina yana murmushi ya ce, "Maman Ummi, fara ɗaure kayanki, mun zama 'yan Abuja." Wallahi ban san sanda na saki rariyar na rangaɗa guɗa ba. A daren nan barci ƙaurace min ya yi, ina kwance ina ta jera kujeruna a wani falo da ban taɓa gani ba. Ni da na saba in zan rubuta littafi sai in ɗauki saurayin labarin in dire shi a Maitama ko Asokoro, in ba shi bene da maigadi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa yake biya masa kuɗin haya ba.

A lokacin muna zaune a Rijiyar Zaki a nan Kano, gida mu kaɗai, ɗaki biyu da falo da kicin da banɗaki, ga rijiya a tsakar gida. Naira 250,000 muke biya a shekara, kuma mai gidan dattijon kirki ne, kashi biyu yake karɓa. Sai na ɗauka ko Abuja ta kai ina a tsada, ai iyakarta ta ninka wannan sau biyu.

Da muka je gaya wa Hajiya, mahaifiyarsa, ta yi ta sa albarka, sannan ta ce, "Ai batun gida ba abin damuwa ba ne, gwamnati za ta ba shi. Haka aka yi wa mahaifinsa da aka kai shi Kaduna, muna sauka aka miƙo mana mukulli." Abban Ummi ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, wancan zamanin ya wuce." Ya yi mata bayani cewa tun 2003, zamanin mulkin Obasanjo, gwamnatin tarayya ta sauya tsari, ta daina ba ma'aikata gidajen zama, aka mayar da abin kuɗi ana haɗa wa mutum cikin albashinsa, gidajen kuma daga baya aka sayar da su. Yanzu in an ɗaga ka, kai za ka nemi inda za ka sa haƙarƙarinka. Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "To Allah Ya rufa asiri."

ZAMAN JIRA

Cikin watan Maris ya tafi ya kama aiki a ofishinsu da ke Garki, da alƙawarin wata ɗaya kacal zai yi ya samo gida ya zo ya ɗauke mu. Ya sauka wurin wani abokinsa a Nyanya, su huɗu a ɗaki ɗaya, kowa da katifarsa da jakarsa. Da watan Afrilu ya kama kuɗin hayarmu na Kano ya ƙare, muka ga ba dabara ba ce mu sake biyan shekara guda a gidan da za mu bari. Sai aka kwashe kayan ɗakina aka jibge a shagon ƙofar gidan Hajiya, ni da Ummi da ƙaninta na goye muka koma ɗakin da ke kusa da nata.

Tsakani da Allah Hajiya ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. Amma 'yar'uwa, kin san gidan yawa. Matar da ta saba da tukunyarta da tsintsiyarta, yau ga ta tana jiran a ce mata ga abin da za a dafa. Wata ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama huɗu. Sai habaici ya fara fitowa daga bakin faccalolina. Wata ta ce, "Ni dai ba na barin namiji shi kaɗai a Abuja, garin da 'yan mata suka fi motoci yawa." Wata ta amsa, "Ai wani jinkirin ma da dalilinsa." In yi kamar ban ji ba, in na shiga ɗaki in kifa kaina a filo in yi kuka mai isata. Ummi kuwa kullum da magariba sai ta tsaya a zaure ta ce, "Mama, yau Abba zai dawo?"

Da farko duk sati biyu yana zuwa. To ranar 29 ga Mayun 2023 sabon shugaban ƙasa ya ce an cire tallafin man fetur, kafin sati ya zagayo litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Tsakanin Kano da Abuja kuwa tafiyar fiye da kilomita 400 ce. Zuwan sati biyu ya koma na wata-wata, hirar dare a waya ita ma ta fara gajarta, don in na kira sai in ji muryarsa a shaƙe, ya ce yanzu ya shigo daga cunkoson hanya, ya gaji.

ƊAN KUNNENA YA TAFI

Ana cikin haka ran nan ya bugo da murna, ya ce wani dillali ya nuna masa gida mai kyau, ɗaki biyu da falo, kuɗinsa da sauƙi, amma mutane suna rububinsa, in ba a ba da kafin alƙalami na naira 150,000 kafin jibi ba wani zai ɗauke. Albashi bai shigo ba. Ban yi shawara da kowa ba, gari na wayewa na ɗauki ɗan kunnena na gwal da aka sa min a lefe na kai kasuwa, na haɗa da ɗan abin da na samu na littafina na tura masa. Dillalin ya karɓa ya rubuta masa wata 'yar takarda, ya ce ran Asabar ya zo su ga mai gida a cika sauran.

Ran Asabar Abban Ummi ya je ya tarar da mutum uku a ƙofar gidan, kowa da irin takardarsa a hannu, kowa yana jiran dillali ɗaya. Wayarsa a kashe. Da suka bincika ashe mai gidan ma ba ya ƙasar, mukullin kuma a hannun wani mai fenti mutumin ya are shi. Har yau ɗin nan da nake rubutun nan ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Garin neman gira muka rasa ido.

Daren da ya gaya min, shaiɗan ya samu ƙofa. Duk habaicin da na haɗiye wata huɗu ya taso min, na ce masa, "Abban Ummi, in aure za ka yi da kuɗin ka fito fili ka gaya min, ka daina yi min tatsuniyar dillali." Ya yi shiru har na zaci wayar ta katse. Can sai na ji ya ce cikin sanyin murya, "Maman Ummi, ni kike gaya wa haka? Shi ke nan. In an yi hutun makaranta ki zo ki gani da idonki." Tunda muka yi aure ban taɓa jin kunyar kaina irin ta wannan daren ba.

GANI YA KORI JI

Cikin watan Agusta, damina ta yi tsaka, na bar Ummi wurin Hajiya na goya ƙaninta muka kama hanya. Na sauka a Suleja gidan Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta haura shekara talatin tana aure a can. Ita ta fara buɗe min ido. Ta ce, "Ke 'yar nan, garin nan da kike zaune shi ne Abuja ta asali. Da gwamnatin Murtala ta tsayar da shawarar gina sabon babban birni a 1976 sai aka ɗauki sunan aka ba shi, nan kuma aka sa masa Suleja saboda Sarki Sulaimanu Barau. Tun da gwamnati ta taso daga Ikko a ƙarshen 1991 mutane suke kwararowa, gidajen cikin birni kuwa ba don talaka aka gina su ba. Shi ya sa za ki ga ƙaramin ma'aikaci yana aiki a Abuja amma yana kwana a jihar Neja ko ta Nasarawa."

Washegari Abban Ummi ya zo. Da na gan shi sai da gabana ya faɗi, ya rame ya yi duhu, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi na ce ya yafe min. Ya ce, "Ya wuce. Tashi mu je ki ga Abujar taki."

Kwana tara muka yi muna yawo. Abu na farko da na koya shi ne, kafin ma dillali ya ɗaga ƙafa sai an ba shi kuɗin ganin gida, ko gidan ya yi miki ko bai yi ba. Na biyu, kuɗin da aka faɗa miki a baki somin-taɓi ne. A kansa akwai la'adar dillali, yawanci kashi goma cikin ɗari, akwai kuɗin lauya mai rubuta yarjejeniya, shi ma sau da yawa kashi goma, sannan akwai kuɗin ajiya wai ko za ki yi ɓarna a gidan. Kuma shekara guda cur ake so a dunƙule, wani mai gidan ma ya ce sai biyu.

A Kubwa muka ga gida irin wanda na jera wa kujeru a mafarkina, aka ce naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Ko zama ban yi ba na ce mu tafi. A wani lungu na Lugbe, ta hanyar filin jirgi, muka ga wani sabon fenti fes, kuɗinsa da dama-dama, har na fara zaɓen inda zan sa gado. Allah Ya taimake ni na zagaya bayan gidan, sai na ga zanen ruwa a jikin katanga ya kai min gwiwa. Na leƙa gidan maƙota na yi sallama, matar ta ce, "'Yar'uwa, in an yi ruwan dare a kan tebur muke kwana." A wata unguwar kuma ta bayan gari muka ga gida mai arahar da ta ba ni tsoro, ashe jan fenti ne a jikin katangar layin gaba ɗaya. Abban Ummi ya ce alamar rusau ce. Ƙasar babban birnin tarayya a hannun gwamnatin tarayya take, wanda ya sayi fili a hannun mai gari ya gina ba da takardar hukuma ba, ko yaushe ana iya zuwa da katafila. An yi rusau mai yawa zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007, kuma ba a daina ba bayansa. Ranar da aka zo, ɗan haya ba shi da wanda zai riƙe.

LISSAFIN DA NA YI A BAYAN LITTAFIN UMMI

Sai Mararraba, wadda take cikin jihar Nasarawa a kan hanyar Keffi, da ka wuce Nyanya. Nan muka samu ɗaki biyu da falo a naira 550,000. Abban Ummi ya ce mu kama kawai mu huta. Ni ma zuciyata ta kwanta, amma na ce ya bar ni in kwana da maganar. Da dare a gidan Gwaggo na ɗauko wani tsohon littafin Ummi da ya biyo jakata, na juya bayansa na fara lissafi.

Kuɗin gida 550,000. La'ada 55,000, lauya 55,000, ajiya 50,000. Ya zama 710,000 kafin mu sa ƙafa. Gidan babu rijiya babu famfo, sai 'yan garuwa, matar da na tambaya ta ce kura ɗaya naira 1,000, kuma mai yara ba ta wuce kwana biyu da ita. Wannan 15,000 ke nan a wata, 180,000 a shekara. Kuɗin motar Abban Ummi zuwa da dawowa, da na babur daga bakin titi zuwa lungun, 1,500 a rana. In ya yi kwana 22 a wata ya kama 33,000, a shekara 396,000. Da na tara sai ga naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da tamanin da shida tana kallona. Na sake tarawa don na zaci kuskure na yi. Gidan da muke kira mai araha ashe ya taka kuɗin da na guda a Kubwa.

Akwai kuma abin da biro ba ya iya rubutawa. Duk wanda ya san hanyar Mararraba zuwa Nyanya ya san cunkosonta. Mutum zai fita da an sallame sallar asuba, ba zai shigo ba sai bayan isha'i. Na ce a raina, in haka ne Ummi za ta baro zauren Hajiya ne kawai ta zo ta tsaya a wani zauren tana tambayar yaushe Abba zai dawo. Da safe na nuna masa lissafin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya, dariyar farko da na ji daga bakinsa tun zuwana, ya ce, "Ashe akawu na aura ban sani ba."

INDA ALLAH YA YANKE MANA WAHALA

Gidan da muke ciki yanzu ba dillali ne ya samo mana ba. Gwaggo ce ta yi zancenmu a wurin adashensu, wata mata ta ce ƙanwarta tana zaune a Dutsen Alhaji, kusa da Kubwa ta hanyar Bwari, kuma maƙocinsu zai tashi ƙarshen wata. Muka je. Ciki da falo ne da kicin da banɗaki, da wani ɗan ƙaramin ɗaki da aka yi don ajiya. Mu huɗu ne a gidan, kowa da ƙofarsa da mitarsa ta wuta mai kati, ga rijiyar burtsatse da ake haɗa naira 3,000 a wata don gyara da mai. Mai gidan wani dattijo ne Bagwari, wato Gbagyi, 'yan asalin yankin, tsohon malamin makaranta, a gidan gaba yake zaune da iyalinsa.

Ya ce naira 650,000. A baki ya fi na Mararraba da dubu ɗari, ga shi kuma ya fi shi ƙanƙanta. Amma babu la'ada, babu sayen ruwa, kuma motar ma'aikatan su Abban Ummi tana bi ta babban titin Kubwa, abin da zai kashe a rana bai wuce 800 ba. Duk da kuɗin rubuta takarda, lissafina bai kai 950,000 ba. Na durƙusa na ce, "Baba, mu baƙi ne, kuma an riga an cuce mu sau ɗaya. A taimaka a karɓa mana kashi biyu." Ya dube ni ya dubi yaron da ke bayana, ya ce da Hausarsa mai daɗi, "'Yata, kawo dubu ɗari huɗu, sauran bayan wata huɗu. Ni ma na yi zaman haya." A gaban mai unguwa da shaidu biyu aka rubuta, aka ba mu rasit da sa hannunsa.

Cikin watan Satumba a-kori-kura ta ɗauko kayana daga shagon Hajiya. Kujeruna ba su shiga falon duka ba, sai da na sayar da biyu, kabet ɗin kwanukana kuwa har yau yana Kano. Na ji zafin abin, ba zan ɓoye muku ba. Amma ranar da muka tare, da magariba aka ƙwanƙwasa ƙofa Ummi ta ruga ta buɗe ta ga babanta, ihun da ta yi ya biya ni kujera biyu har da riba.

SHAWARATA GARE KI

To 'yar'uwa, in takardar canjin aiki ta shigo gidanku, ko Abuja ce ko Legas ko Fatakwal, ki yi guɗarki, amma kada ku saki gidan da kuke ciki sai kun kama wani. Da mun roƙi mai gidanmu na Kano ya karɓi kuɗin wata uku ko shida, da ban yi zaman da na yi ba. Kuma tun kafin maigida ya tafi ku zauna ku yanke wa'adi, ku kuma yi maganar kuɗi a fili, nawa ne albashi, nawa za a iya warewa. Rashin sanin halin da yake ciki shi ya sa na zarge shi da abin da bai yi ba.

Kada sisinku ya fita sai kun ga mai gida ido da ido, ko wakilinsa da maƙota suka shaida. Duk dillalin da ya ce miki "yau ko gobe, in ba haka ba wani zai ɗauka," ki bar wa wanin. A biya ta banki da sunan mai gida, a karɓi rasit, a rubuta yarjejeniya, a kuma tambaya ko wanda ya tashi ya bar bashin wuta, don kada ku gaji abin da ba ku ci ba.

In da hali ki je da kanki, zuwa da kai ya fi aike. Namiji zai duba ɗaki da ƙofa ya ce ya yi. Ke ce za ki duba inda za ki yi shanya, inda hayaƙin girkinki zai bi, nisan makarantar boko da Islamiyya da asibiti da kasuwa. Ki je da damina in zai yiwu, ki zagaya bayan gida, ki shiga wurin matan maƙota ki gaishe su, su ne za su gaya miki abin da fenti ya rufe. Kada kuma ki raina 'yan'uwa da mutanen garinku da suka riga ku zuwa, ki sa a yi cigiya a masallaci da wurin adashe da wurin aikin maigida. Sannan ki ɗauki biro ki tara kuɗin gida da na ruwa da na mota na shekara guda kafin ki ce wannan ya fi wancan araha.

Ɗan kunnena dai bai dawo ba. Abban Ummi ya yi alƙawarin zai saya min wanda ya fi shi, ni kuma duk sanda kuɗin haya ya matso sai in ce masa a bari sai baɗi. Ƙawata da na ba ku labarinta da farko tana nan tafe wata mai kamawa, a ɗan ɗakin ajiyar nan namu za ta sauka, mu fita yawon neman gida tare, na ce mata ta taho da takalmi mara tsini.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba mazajenmu abin da za su riƙe mu da shi, Ya mallaka wa kowa nasa na kansa, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, Maman Ummi.